Amsa ga mai tambaya kan Man U: ka bar koci, ka duba masu ɗauko shi

Wani ƙanena daga Ƙofar Ƙaura ya aiko mani da tambaya, ya ce shi fa ya gaji, tun yana firamare yake son Manchester United amma kusan duk shekara biyu sai a kori koci a kawo wani, a zubar da kuɗi kamar ba a so, ƙarshe ya je gidan kallo 'yan Liverpool da 'yan Arsenal su sa shi gaba da tsokana. Yana son ya san takamaimai mi ke damun ƙungiyar nan, koci ne ko 'yan wasa, kuma ko ya canza ƙungiya ne kawai ya huta. Ya ce ni ya zaɓa ya tambaya tunda na taɓa riƙe sakataren wani ƙaramin kulob a nan gida kuma aikina na akanta ne.

To ƙanena sannu da haƙuri. Gaskiyar magana ku magoya baya kun bar jaki kuna dukan taiki. Koci shi kyamara ke haskawa in an zura maku ƙwallo, shi ke fitowa gaban 'yan jarida ya yi ta kame-kame, shi ya sa shi kuke zagi. Amma wa ya ɗauko shi? Wa ya sa hannu a kwantiraginshi, wa ya sayo mashi 'yan wasa, wa ya kore shi ya biya shi kuɗin sallama? Waɗannan ba ka ganin su ranar wasa sai dai in kyamara ta ɗan leƙa sama inda manya ke zama cikin kwat. Kuma matsalar ita ce in ƙungiya ta faɗi ba su ne ke jin zafin ba. Kai ke kasa cin tuwon dare, su kau lissafinsu na tafiya daidai.

Bari mu koma 2005 don daga nan aka faro. Shekarar ne Malcolm Glazer, wani attajirin Amurka mai ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Tampa Bay Buccaneers, ya saye Man U a kan kuɗi kusan fam miliyan 790. Kafin zuwanshi ƙungiyar ba a bin ta bashi. Shi kuma mafi yawan kuɗin da ya saye ta da su ranto su ya yi, sannan ya ɗora bashin a kan ƙungiyar kanta, sama da fam miliyan 500. Ka ɗauka akwai wani babban shago a babbar kasuwar Katsina da ke ciniki sosai, sai ni da ba ni da kuɗin sayen shi in je banki in ce su ranta mani, jinginar kuma shagon ne da ban riga na mallaka ba, suka ba ni na saya, daga ranar duk ribar da shagon ya kawo sai an fara cire kuɗin ruwan banki kafin a yi maganar saro kaya ko gyaran rufi. Ni na zama mai shago, shago kuma shi ke biyan kuɗin da aka saye shi da su. Abin da aka yi kenan, kuma dokar Ingila a lokacin ba ta hana ba. Daga lokacin zuwa yau kuɗin da suka fita daga ƙungiyar ta hanyar kuɗin ruwa da ladan bankuna da ribar masu hannun jari sun haura fam biliyan 1, bashin kuma har yanzu bai ƙare ba. Shi ya sa ka ga hoton Old Trafford ruwan sama na zuba daga rufi kamar indararo, filin da ake kira mafi girma na kulob a Ingila. A 2012 suka kai hannun jarin kasuwar New York, amma suka riƙe wa kansu irin wanda kowane ɗaya ke da ƙuri'a 10, na sauran mutane ƙuri'a 1. Wato ka zuba kuɗinka amma ba ka da ta cewa.

Za ka ce to ai bayan 2005 mun ci kofuna, har da Kofin Zakarun Turai na 2008. Haka ne, saboda akwai Ferguson. Mutumin nan daga 1986 zuwa 2013 yana wurin, ya ci Firimiya 13, kuma shi kaɗai yana yin aikin mutum huɗu ko biyar, shi ne koci, shi ke cewa a sayo wane a sayar da wane, shi ke ladabtarwa, shi ya san yaran makarantar kulob da iyayensu. Ya rufe ramin da jikinshi har ba wanda ya lura babu wani tsari a ƙasa. Sai ga shi a 2013 ya tafi, David Gill da ke riƙe da harkar gudanarwa shi ma ya sauka a lokaci guda, aka miƙa wa Ed Woodward. Shi Woodward ma'aikacin banki ne a da, yana cikin waɗanda suka taimaka wa 'yan Glazer wajen haɗa cinikin 2005. Wajen kawo talla gwani ne, wannan ba a ƙwace mashi ba, kamfanin taliya, kamfanin taya, agogo, kowa ya zo ya manna sunanshi ya biya. Amma cefanen 'yan wasa wata sana'a ce daban. Cefanen farko da ya yi wa Moyes, kocin da ya gaji Ferguson, shi ya nuna inda aka dosa, ɗan wasa Fellaini na da farashin fam miliyan 23.5 rubuce a kwantiraginshi na Everton, aka yi ta jan ƙafa har wa'adin ya wuce, ranar rufe kasuwa aka je aka biya miliyan 27.5. A 2018 kuma Woodward ɗin ya faɗa wa masu zuba jari da bakinshi cewa yadda ƙungiya ke taka leda ba ya wani tasiri sosai a kan abin da suke samu ta fannin kasuwanci. Ka sake karanta wannan da kyau ƙanena, shugaban kulob ne ke cewa a ci ko a sha kashi kuɗi na shigowa.

Yanzu dubi jerin masu horarwa ka ga ko akwai alamar wani na zaune yana tunani. Moyes aka ba kwantiragin shekara 6 aka kore shi cikin wata 10. Van Gaal na son a riƙe ƙwallo ana ta ba ni in ba ka har ka fara gyangyaɗi a benci, aka sayo mashi irin nashi, ya ci Kofin Ƙalubale a 2016, kwana biyu tsakani aka sallame shi. Mourinho na son ƙarti masu jiki a tsare gida a kai hari ba zato, aka sayo mashi irin nashi. Solskjaer na son yara masu gudu. Ten Hag ya zo ya kwaso waɗanda ya sani daga Ajax da gasar Holan, Antony, Martinez, Onana. Amorim ya zo da tsarin masu tsaron baya uku ya tarar da 'yan wasan da aka tara don tsarin huɗu, shi ma farkon 2026 aka ce ya kama gabanshi. Kowanne ya zo ya tarar da kayan wani, ya ce ba su dace da shi ba, a ƙara sayo mashi, kafin su saba an kore shi. Sai 2021 ma kulob ɗin ya fara naɗa daraktan ƙwallo, wato mai tsara cefanen 'yan wasa ko da koci ya canza, alhali abokan hamayya sun daɗe da wuce wurin.

Nan ne aikina na akanta ya shigo, don mutane na yawan tambaya wai mi ya sa ba a sayar da ɗan wasan da ya gaza kawai a huta. In ka sayi ɗan wasa fam miliyan 80 ka ba shi kwantiragin shekara 5, a littafin kuɗi ba a rubuta 80 ɗin lokaci guda, ana raba shi ne miliyan 16 duk shekara. Bayan shekara biyu darajarshi a littafi saura 48. In wani kulob ya taya 30 kuma ka sallama, dole ka rubuta asarar 18 a shekarar nan take, ga kuma dokar da Firimiya ta yi aiki da ita har kakar 2025/26, da ta ce kar asarar kulob ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, wadda a kanta aka zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24. Sannan ga albashi, kai ka ba shi abin da ba wani kulob da zai iya biya, shi kuma ba mahaukaci ba ne da zai yarda a rage mashi, sai ya zauna a benci yana karɓa, ko a ba da shi aro kai kana biyan wani kaso na albashin. Kuskuren dare ɗaya na ranar rufe kasuwa sai ya ɗaure ka shekara huɗu. Pogba ya tafi Juventus kyauta a 2012, aka dawo da shi a kan fam miliyan 89 a 2016, ya sake tafiya kyauta a 2022. Antony aka saya sama da fam miliyan 80, abin da Real Betis ta biya daga baya bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ba rashin kuɗi ba ne ke damun Man U, ta kashe fiye da kusan kowa, rashin mai cewa a'a ne in dillalai sun ɗaga farashi.

Ka dubi inda ake da tsari. Liverpool ta sayar da Coutinho ga Barcelona a 2018 da kuɗin da suka haura fam miliyan 100, ta ɗauko Van Dijk da Alisson, kuma ba kocinsu Klopp kaɗai ke zaɓa ba, akwai darakta Michael Edwards da mutanenshi masu nazarin alƙaluma. Klopp ya tafi, Slot ya zo ya ci Firimiya a kakarshi ta farko a 2025, suka kamo ku a kofi 20. Man City ta ɗauko Begiristain a matsayin daraktan ƙwallo tun 2012 yana share fage, Guardiola bai iso ba sai 2016. Brighton ma da ba ta da tarihin komai, Chelsea ta ɗauke mata kocinta Potter a 2022, ta kawo De Zerbi ta ƙare ta shida, ta sayi Caicedo da 'yan miliyoyi kaɗan ta sayar da shi fam miliyan 115. A irin waɗannan wurare kulob ke da salon wasa sai a nemo kocin da ya dace da shi.

Da attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe ya sayi kashi 27.7 cikin ɗari na Man U a farkon 2024 aka ba shi ragamar harkar ƙwallo, na ga yadda aka yi ta murna a majalisu har da masu sayen lemo. Ni ma na so abin ya yi kyau. Amma dubi shekarar farko, Ten Hag ya ƙare na takwas amma ya doke City a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, aka yi ta neman wani koci a bayan idonshi, aka rasa matsaya, aka dawo aka ƙara mashi shekara, aka kashe mashi kusan fam miliyan 200, watan Oktoba aka kore shi. Dan Ashworth da aka yi wata da watanni ana zawarci daga Newcastle ya yi wata 5 kacal a kujerar darakta. Sallamar su biyun da mataimaka ta ci fam miliyan 14.5, a daidai lokacin da aka rage ƙananan ma'aikata 250 wai don tsimi. Kakar 2024/25 ta ƙare kuna na 15 da maki 42, Tottenham ta ci ku 1-0 a wasan ƙarshe na Europa. Daren nan gidan kallon unguwarmu tun kafin alƙalin wasa ya busa rabin benci ya watse, wani yaro ya cire jar rigarshi ya cusa cikin aljihun wando ya fita da singileti don kar a gane shi a bakin mai shayi.

Kuma kar ka ɗauka ciwon na Turawa ne kaɗai, namu na gida ma shi ne, kaya kawai ya canza. Mafi yawan ƙungiyoyin Firimiyar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, Katsina United ɗinmu, Kano Pillars, Enyimba, Rangers, duk haka. Ciyaman naɗa shi ake yi, kuɗi daga baitulmali suke fitowa, gwamnati ta canza hukumar gudanarwa ta canza, wanda ya zo sai ya faro daga farko. Wanda aka naɗa kuma ya san wanda ya ba shi kujerar, ba ku da ke shan rana a filin wasa na Karkanda ba ne, saboda haka shi zai faranta wa. Wani lokaci mutumin kirki ne mai son aikin amma takarda ta maƙale a ofis, kuɗin tafiya Fatakwal ko Uyo ba su fito ba sai ana gobe wasa, yara su kwana a mota su sauka da kumburarrun ƙafafu su shiga fili, a ci su biyu a dawo a ce koci bai iya ba. 'Yan wasa kuma yawanci kwantiragin kaka ɗaya ko biyu ne, duk shekara a kwashe rabi a kawo sabbi, ta ina za a gina ƙungiya a haka? Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na Najeriya sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, yaran yanzu da yawa ba su ma san an yi ba. A 2022 ita da Pillars mai kofin lig huɗu suka faɗa rukuni na biyu tare, suka dawo tare a 2023. Remo Stars ta Ikenne da ta ci lig a 2025 ta mutum ɗaya ce, Kunle Soname, da filinta da makarantar yaranta, in an yi asara aljihunshi ke ji. Ban ce mallakar ɗan kasuwa ce magani ba fa, ai 'yan Glazer ma 'yan kasuwa ne. Tambayar kullum ita ce in an faɗi wa ke asara, kuma shi ne ke yanke hukunci ko wani ne daban.

A ƙaramin kulob ɗin da na yi wa aiki na ga abin da idona. Koci ya gama tantance yara, ya kawo mani sunaye in cike fom ɗin rajista, da yamma sai ga direban wani babba da 'yar takarda an ninke ta huɗu, sunaye uku a ciki da jan biro, wai a saka su. Ɗaya daga cikinsu ko zagaye fili biyu ba ya iya yi sai ya dafa gwiwa. Gurbi a ƙayyade yake, dole aka cire yara uku da suka ci gwaji, ɗaya gola ne mai kyau ƙwarai, ni aka bar wa aikin faɗa mashi, ya tsaya riƙe da safar hannunshi a leda yana kallona bai ce komai ba. Da sakamako ya lalace kocin aka kora, mai takardar kuma ranar da aka kawo sabon koci yana layin gaba ana ɗaukar hoto.

To mi magoya baya za su iya? Fushi na aiki amma sai an san inda aka nufa da shi. A watan Fabrairun 2016 masu Liverpool suka ce za su kai wani tikiti fam 77, dubban magoya baya suka miƙe a minti na 77 suka fice daga Anfield, cikin 'yan kwanaki masu kulob suka janye suka ba da haƙuri. A Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyin Turai 12, har da Man U, suka sanar da Super League, wata gasa ta kansu da suka so ɓallewa su kafa, magoya baya suka fito kan titi, cikin kwana biyu abin ya wargaje, Woodward ya sanar zai sauka. Farkon Mayun shekarar 'yan Man U suka kutsa Old Trafford har aka ɗage wasan Liverpool. Wasunsu ma tun 2005 suka ɓalle suka kafa tasu, FC United of Manchester. A Jamus doka ce ta ba mambobin kulob rinjayen ƙuri'a, ita ake kira 50+1, ko da yake zaɓe ma ba ya hana ɓarna, Barcelona mambobi ke zaɓen shugaba amma aka tara mata bashin sama da yuro biliyan 1 har ta kasa riƙe Messi a 2021. Abin da ya haɗa waɗanda suka yi nasara shi ne sun taɓa aljihu ko mutuncin mai kulob. Jifan alƙalin wasa ko fasa motar baƙi kau, kamar yadda aka yi wa motar Katsina United a Kano a 2022, ƙungiyarka ake ci tara a cire mata maki, a wasu lokutan ma a kai ta wani gari ta riƙa wasan gida ba 'yan kallo, wanda ya jawo matsalar yana gida yana shan shayi.

Kai kuma da ke Ƙofar Ƙaura, in gaya maka gaskiya, 'yan Glazer ba su san kana yi ba. Rigar da ke jikinka ma a kasuwa ka saya, ko sisi bai isa Manchester ba. Saboda haka kar ka bari hawan jini ya kama ka a kan mutanen da ba za su ji ka ba. Inda muryarka ke kaiwa shi ne nan gida, akwai shirye-shiryen wasanni a gidajen rediyo da ake buga waya, akwai ƙungiyar magoya baya, kasafin kuɗin wasanni kuma ta majalisar dokokin jiha yake bi. Maimakon kullum a kira a ce a kori koci, a riƙa tambaya nawa aka ware, nawa aka saki, an biya yara albashi da alawus a kan lokaci, nawa aka samu a ƙofa, in an sayar da ɗan wasa ina kuɗin suka shiga, ina yaran 'yan ƙasa da 17 da za su gaji waɗannan. Irin tambayoyin nan sun fi zagi ciwo nesa ba kusa ba.

In kana son ka gane ko Man U ta fara warkewa kar ka duba cin wasa biyar a jere, Solskjaer ma ya yi wannan da ya karɓi riƙon ƙwarya har aka ruɗe aka ba shi kujerar dindindin. Ka duba ko darakta ɗaya zai yi shekara uku huɗu a kujerarshi, ko za su iya tashi daga teburin ciniki in an tsuga masu farashi, ko za su fara sayar da ɗan wasa da riba tun yana da kasuwa, kuma in koci ya tafi ko wanda zai gaje shi zai iya aiki da yaran da ya tarar ba sai an sake zubar da miliyan 200 ba. Bashin nan kuma ka riƙa leƙa shi, suna fitar da rahoton kuɗi duk wata uku tunda suna kasuwar hannun jari.

Maganar canza ƙungiya kau, ba haramun ba ne, ba kuma wanda zai kai ka gaban alƙali, sai dai ka san 'yan majalisarku, har ka yi jika ba za su daina tuna maka ba. In dai har ka ƙudura to ka yi bincike kafin ka yi tsalle, don na ji kana ambaton Chelsea, ka fara zama ka ƙirga koci nawa suka yi daga 2022 da Todd Boehly ya karɓa, Tuchel, Potter, Lampard na riƙo, Pochettino, Maresca da sauransu, sannan ka dawo mu yi magana.